Inna Taka da Butar Ƙarshen Baranda

Haihuwa

An haife ta a shekarar 1957, a wani ɗan gari da jirgin ƙasa ke tsayawa minti biyar ya wuce. Mahaifinta kafinta ne, mahaifiyarta mai ɗinki. Sunanta na asali ya ɓace a bakin mutane, Inna Taka kawai aka sani.

Karatu

Ta kammala firamare a 1970. Bayan shekara biyu yayarta ta haihu, dangi suka kwantar da ita saboda ƙauna, suka hana ta ko sauke ƙafa daga gado. A rana ta goma sha biyu ƙafarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe, kafin la'asar ta cika. Likita ya ce jini ne ya daskare saboda rashin motsi, ya tafi ya toshe huhu. Ƙanwar, Inna Taka, ita ce ta yi ta miƙa mata ruwa har bakin gado duk kwanakin nan, kuma ba ta taɓa yafe wa hannunta ba. A 1975 ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma.

Aiki

A 1978 aka ɗauke ta a ɗakin masu jego na wani asibiti, inda aka saba ajiye wa kowace shayinta a gefen gado. A makonta na biyu ta ɗauke butar shayin ta kai ƙarshen baranda, taku talatin da shida daga ƙofa. Wadda likita ya hana motsi, ita da kanta take kai mata. Sauran kuwa sai su ji: "Tashi ki taka, 'yar nan. Haihuwa kika yi, ba karaya ba." Ta kan riƙe mai jiri a kafaɗa har su je su dawo.

Wata suruka ta taɓa tare ta: "Ke ba ki da imani ne? Yarinya ta sha wuya jiya-jiya!"

Ta ce, "Iya, in kina son ta, riƙe mata jaririn, ki bar mata ƙafafunta."

Aure

A 1980 ta auri wani makanike. Haihuwarta huɗu, kuma a kowacce kashegari da ƙafarta ta je ta zuba shayinta.

Takaddama

Ƙorafi ya yi yawa. Shugabar ma'aikatan jinya ta ba ta takardar gargaɗi a 1983, ta sake a 1985. A 1986 aka ce ko ta mayar da buta gefen gado, ko ta bar ɗakin. Mijinta ya ce ta sassauta ta rufa musu asiri. Ta ce ta riga ta sassauta sau ɗaya, kuma ta ga inda aka binne sakamakon.

Aka mayar da ita ɗakin ajiyar zannuwa a matsayin horo. Wanda ya sa hannu bai lura ba cewa ɗakin yana ƙarshen wannan barandar ne. Ta sayi butarta ta ɗora. Masu jego suka riƙa takowa gaishe ta, wata na dafa bango, wata na tsaki, ba kuma dokar da ta hana gaisuwa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana ninke zannuwa kafin a dawo da ita, ba tare da an ba ta haƙuri ba. Ita ma ba ta nema ba.

Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a 2013, ta ci gaba da zagaya filin makaranta da masu jegon unguwa kowace safiya. A 2021 ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yanta suka ajiye mata buta a gefen gado. Ta dube su ta ce, "Wa ya aike ku? Ku kai bakin taga." Taku tara ne, kuma kullum sai ta yi su.

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, da hantsi. A kujerar bakin taga aka same ta, kofi a cinyarta. An yi jana'izarta bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar da yayarta take.

Ta bar miji, jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban direba ne, sai malamar makaranta, sai mai gyaran waya, sai auta, ungozoma a ɗakin da uwar ta yi aiki. An ba autar takardar gargaɗinta ta farko bara. Butar tana ƙarshen baranda.