Hannun da Dada Mawuena Ba Ta Ɗauke Ba

A asibitinmu na Kpalime babu mai son yin musabaha da Dada Mawuena. Ba ƙyama ba ce. Tafin hannunta na dama zafi gare shi kamar murfin tukunya, ko da yanzu ta tsame shi daga ruwan wanki.

Wankin zannuwan gado ne aikinta, shekara ashirin da ɗoriya. Wata tsohuwar nas ce ta koya mata ɗora hannu: a sa wa majiyyaci tafi a goshi ko a ƙirji, a yi shiru, a bar ɗumin jiki ya ratsa shi har hankalinsa ya kwanta. Da ta ƙware, aka ba ta ranar Laraba tana koya mana mu ma'aikatan jinya, da dangin waɗanda likita ya ce sai dai addu'a.

Ni kam da farko raina abin na yi. Na ce, "Dada, yanzu wannan ne zai sauke zazzaɓi?"

"Ke Afefa, bakinki ya fi allurarki tsini. Wa ya ce miki magani ne? Rakiya ce. Miƙo hannun nan."

Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma a kanta tana iya yi wa magidanci tsawa a gaban matarsa: ba a tashi sai an yi sallama. Ko majiyyaci ba ya cikin hayyacinsa, sai ka kira sunansa ka ce, "Na ɗauke hannuna." Wanda ya kuskura ya ce "ina zuwa" kuwa, ranar ya shiga uku.

Sai da muka shekara biyar tare ta faɗa mini dalili, ina taya ta shanya. 'Yarta Sename ta yi jinyar ciwon ƙoda a gado na huɗu. Wata safiya tana ɗora mata hannu, yarinyar ta ce koko take marmari. Dada ta zare hannu, ta ce "ina zuwa," ta ruga bakin ƙofar asibiti. Ta dawo da kokon da zafinsa, ta tarar an ja labule, yarinyar ta cika.

"Tana can tana jirana," in ji ta. "Ban sallame ta ba. Shi ya sa hannun ya ƙi hucewa."

Na ce to ta je kabarin ta faɗa mana. Ta ce ta je ya fi a ƙirga, bakin ne ba ya buɗuwa.

Bara ciwo ya kwantar da ita, ta kafe sai gado na huɗu. Wata Laraba da hantsi na ɗora mata hannu a ƙirji. Can sai ta miƙa hannunta na dama gefen gado, inda babu kowa, ta tsayar da tafin daidai tsayin goshin mutum. Ta daɗe a haka.

"Sename," ta ce, "na dawo. Na ɗauke hannuna."

Na taɓa tafin da ɗaya hannuna, na ji shi sanyi ƙalau. Ta juyo ta dube ni.

"Saura ke, sarkin baki. Faɗi mana."

Allah ya sani na buɗe baki. Amma na san ina faɗa za ta tafi, ni kuwa ban shirya rabuwa da ita ba. Ban sallame ta ba har numfashinta ya tsaya a ƙarƙashin tafina.

Yanzu ni ke koyarwa ranar Laraba, kuma faɗan da nake yi a kan ƙa'idar nan ya fi nata. In an tashi nakan cusa hannuna na dama cikin aljihu, don duk wanda ya gaisa da ni sai ya tambaya ko zazzaɓi nake yi.