Damin Geron da Na Mayar

Farkon damina ne, ruwa ya sauka da kyau, amma a shekarar ba wanda ya yi murna sosai. Mutanen ƙauye sun yi ta kwararowa Gusau saboda 'yan bindiga, da tabarmi da tukwane, kowa na neman ɗakin haya, har filin da a da ba mai kallonsa ya koma abin nema. A lokacin ne na ce bari in gina nawa.

Filin yana bakin gari, kan hanyar Bunguɗu. Da shanun da na gada a wurin Baba na saye shi, da niyyar in yi ɗakuna in ba da haya, yara su sami abin riƙewa a bayana. Ginin ya fi ƙarfina a wancan lokaci, sai yayana ya zo mini da wani dattijo mutumin Karakkai, ya ce a ara masa ya riƙa nomawa kada ciyawa ta cinye wurin. Na amince.

Duk kaka dattijon nan sai ya ɗauro damin gero a bayan keke ya kawo mini. Galla ke nan, abin da mai aron gona yake ba mai ita. Ni kuwa kunya ta hana ni karɓa. Ina kallon tsagaggun ƙafafunsa, sai in ce ya mayar wa iyalinsa, Allah ya amfana. Ya yi ta kawowa ina mayarwa, har ya gaji ya daina. Bayan ya rasu ɗansa ya ci gaba da noman, ni ma ban ce komai ba, har aka haura shekara goma.

Ranar da na kai magini ya auna wurin, ɗan ya fito da fartanya a kafaɗa. Ya gaishe ni har ƙasa, sannan ya ce:

"Inna, ai wannan gonar Baba ce. Ke kika ba shi kyauta."

Ban iya hayaniya ba. Na koma gida na zauna. Maigidana ya ce in kai ƙara kotun shari'a, ya kuma tsokane ni wai ni kaɗai ce mai gonar da ke korar hatsi daga ƙofar gidanta. Na yi murmushi don kada ya ji ba daɗi.

A kotu na miƙa takardar saye. Ɗan bai musa ba, ya ce haka ne na saya, amma daga baya na bayar, shi ya sa ban taɓa karɓar galla ba. Alƙali ya tambaye ni ko ina gari duk shekarun nan, ko lafiyata ƙalau, ko na san ana noma wurin. Duk na amsa da e. Sai ya yi bayani a hankali cewa a shari'a, in wanda ba danginka ba ya riƙe wuri shekara goma yana mora kamar nasa, kana gani ba ka yi magana ba, maganarsa tana yin ƙarfi, sai fa in an tabbatar aro ne.

"Hajiya, wa ya shaida lokacin da kika ara?"

Na ce yayana ne kaɗai.

"To ki kawo shi zama mai zuwa. In ya shaida, ki yi rantsuwa. In babu shi, ba ni da abin kamawa."

Yayana yana Tsafe, ya tsufa, ƙafa ta hana shi tafiya, kuma tun da hanyar ta lalace ya ce ba zai ƙara hawanta ba. Na kira shi a waya da la'asar. Ya ce ya tuna komai, har kalar rigar dattijon, amma 'ya'yansa ba za su bari ya shiga mota ba. Wai in yi haƙuri, fili ai ba rai ba ne. Na ce haka ne, Yaya. Na ajiye wayar ina tunanin ɗakunan da na riga na zana a raina, har da inda rijiya za ta zauna.

Maigidana ya ce kada in je, ya lissafo mini wuraren da ake tare motoci. Ni ma na san su. Amma na san yayana: abin da zai iya hana ni a waya, ba zai iya hana ni ina durƙushe a gabansa ba.

Da gari ya waye na dama wa yara kunu, na bar wa babbarsu sallahun abincin rana. Na jira rana ta ɗaga, lokacin da motoci ke tafiya a jere, na yafa mayafina na nufi tasha. Na ce wa direba in da hali ya ajiye mini kujerar gaba a dawowa, don tare da tsoho zan dawo.