Ranar da Nata'ala Ya Ajiye Aska

Nata'ala wanzami ne a Kwamba, ɗan wanzami. Yawancin samarin unguwar da ke sammakon zuwa aiki Abuja, shi ya yi musu askin suna. Ba ya da yawan magana. Idan ya ɗora aska a kan jariri, sai dai ka ga gashi yana zuba, yaron ko farkawa ba ya yi.

Da matarsa Rukayya ta rasu, sai ya daina barci, ya daina cin abin kirki. Yakan zauna a ƙofar ɗakin hayarsa, zabira a gefe, a yi masa sallama bai ji ba. 'Yarsa Safara'u ta zo daga Tafa ta ja shi asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta masa wata ƙwaya, amitiriftilin. Ya gaya masa tana busar da baki, tana kawo jiri, wasu kuma ido ya yi musu dishi-dishi. In hakan ya dame shi, ya dawo.

Barci ya dawo, har ya wuce yadda ake so. Sallar asuba ta fara wuce shi. Bakinsa ya bushe, harshe ya yi nauyi, kullum da ledar fiya wata a hannu. In ya miƙe da sauri sai ya dafa bango. Bai koma asibitin ba, domin ɗakin likitan yana ɓangaren da mutanenmu ke kira na masu taɓin hankali, kuma 'yan keke na Kwamba suna sauke fasinja a daidai ƙofar, kowa zai gan shi.

Mu'azu mai shayi ne ya fara ba abin suna.

"Baba Wanzam, yau wace ƙwaya aka kora? Ja ko fara?"

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Wasunsu tsaf na san wanda ya riƙe kawunansu suna 'yan kwana bakwai. Nata'ala ya wuce abinsa. Da ya ce magani ne, da sun tambaye shi na mene ne.

Ana cikin haka matar Taufiq, ƙanin Mu'azu, ta haifi namiji. Mu'azu ya ce kada a kira tsohon. Taufiq ya ce wanda ya aske shi, shi zai aske ɗansa. Ranar suna aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata suka yi cirko-cirko a bakin ƙofofi. Nata'ala ya zauna, ya jiƙa kan yaron da ruwan ɗumi, ya wasa aska a fata kamar yadda ya saba. Ya kai ta kusa da maɗiga, wurin nan mai laushi da ke bugawa. Sai ya tsaya. Ya ja kansa baya, ya matso, ya sake ja baya. Ya murza ido, ya sake duban bakin askar.

Ya naɗe ta, ya mayar cikin zabira.

"Taufiq, ɗauki ɗanka. Yau ba na ganin bakin askar."

"Me kake nufi, Baba?"

"Abin da na faɗa."

Mu'azu ya taso. "Ban gaya maka ba? A buge yake! Tsoho da furfura, ka sha ƙwaya ka zo ka yanka mana yaro?"

"Ban yanke shi ba."

"Au, godiya kake jira?"

Wata daga cikin matan ta ce a duba zabirar. Mu'azu ya zazzage ta a tabarma: ƙaho, almakashi, tsumma, sai ga katin ƙwaya rabi a ɓare. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani. Babu wanda ya karanta abin da ke jiki. Nata'ala ya tsuguna yana tattara kayansa, da ya miƙe jiri ya ɗebe shi, ya dafa randa. Wannan ma aka ce shaida ce. Aka ɗauki jaririn zuwa shagon Chukwudi mai askin zamani, aka yi masa askin suna da kilifa.

Safara'u ta ji labari, ta zo ta tsaya gaban teburin mai shayi tana nuna takardar asibiti. Mu'azu ya ce, "To ai gara ƙwayar. Ashe mahaukaci muke miƙa wa 'ya'yanmu." Ubanta ya kama hannunta suka tafi.

Ta mayar da shi wurin likita, aka sauya masa magani. Ido ya washe, jiri ya ɗauke. An yi haihuwa da yawa a Kwamba tun daga lokacin, amma ba wanda ya kira shi; a shagon Chukwudi ma har an ƙara kujera.

Nata'ala yana nan ƙarƙashin bishiyar mangwaro kusa da masallaci, yana wasa askarsa kowace safiya. Mu 'yan tsofaffi ne ke zama ya yi mana aski, kuma har yau ban ga jini a kan ɗayanmu ba. Yaron Taufiq ya fara tafiya. In ya nufo wajen mangwaron, uwarsa takan kira shi ya dawo.