Ƙofar Gari a Cikin Gugguru

Akwai wata Asabar da ko tsufa ya cinye ni ba na jin zan manta da ita. Ranar ce matata ta ɗauki ƙofar gari guda a ka, ta bi titin Fordham Road na unguwarmu ta Bronx da ita.

Bari in faro daga tushe. Wani Bature abokin aikina a asibiti ne ya koya mini wasan yaƙi na 'yan sojojin roba. Sojojin ba su kai ɗan yatsa ba, ana jera su a kan tebur, a gina musu duwatsu da gidaje da gadoji, a yi ta gwabzawa. Ni faɗan bai dame ni ba, ginin ne ya kama ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, magini ne, a gindin tubali na tashi. Sai na ce zan gina ƙofar gari irin ta gida, da ganuwarta da zankwayenta. Wata huɗu ina fama. Cikin soso ne mai tauri, wajen kuma na yaɓe da yumɓu na gaske, na zana shi da tsinken sakace yadda Baba ke zana soro da yatsa. Ranar da na gama, wallahi sai da na yi hawaye.

Matata kuwa tsokana kawai take. "Malam, an gama ginin? Yaushe za mu tare?"

Ana nan sai shagon da muke wasan a Manhattan ya shirya taro, aka ce in kawo ƙofata a yi yaƙi a bakinta. Don gwaji, na fara ɗaukar wata 'yar hasumiya da na gina tare da ita. Na yi abin da kowane Bahaushe zai yi da kaya: na zura ta a jakar Gana-mas-go, na ja zif, na faɗa jirgin ƙasa lokacin cunkoso. Ba mu yi tasha biyu ba wani ƙato mai jakar goyo ya jingino, na ji ƙaras. Da na buɗe, na tarar ta zama gari. Wani ɗan wasan ya ce in sayi akwati na musamman, na je na duba, duk babu wanda tsayin ƙofar zai shiga.

Ranar Juma'a da yamma na zauna na yi tagumi. Na riga na yanke shawarar ba zan kai ta ba, don idan ta fashe ban san ko hannuna zai sake yin irinta ba. Matata ta leƙo daga kicin ta dube ni.

"Kai ka gaji gini, amma ba ka gaji ɗauka ba," in ji ta. "Kakata ƙwan zabi take kaiwa kasuwa a ƙafa, ko ɗaya bai taɓa fashewa ba. A cikin ƙaiƙayi take binne su."

"To ina za mu samo ƙaiƙayi a Bronx?"

Ta sauko da babbar kwallarta ta kayan aure, wadda na sha cewa tare mana wuri kawai take yi. Sai na fara jin tas-tas a kicin. Gugguru take yi, ba mai ba gishiri, leda bayan leda. Ta naɗe kowane zanko da tsohon ɗankwali, ta shimfiɗa gugguru a ƙasan kwallar, ta zaunar da ƙofar, ta cike ko'ina har babu wurin motsi. Ta rufe murfin, ta ɗaure da zani. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Da safe na miƙa hannu zan runguma, ta ce, "A'a. A ƙirji kowa zai bangaje ta." Ta naɗa gammo ta aza kwallar a ka. Ina gaba ina buɗe hanya, mutane na kallo, ita ko a jikinta. A jirgi ta ɗora ta a cinya. Can direba ya taka birki da ƙarfi, gabana ya faɗi, ita kuwa murmushi ta yi ta ce, "Kwantar da hankalinka, Malam, ƙwai ma ya isa balle ƙasa."

A shagon na kwance zanin. Da na ɗaga murfi 'yan wasan suka ga gugguru, dariya ta kaure, abokina ya ɗebi cikin hannu ya watsa a baki. Na tona a hankali na fito da ƙofar. Ko ɓalli babu. Aka hau tafi. Wai an ci ni a yaƙin ranar, ni ban ma lura ba, matata nake kallo tana gyara zaman wani zanko da yatsa.

Har yau a kwallar nan ƙofar take, a saman kabad, nesa da hitar ɗumama ɗaki don kada zafi ya tsattsaga yumɓun. Tsummokara muke cusawa idan ajiya ce, gugguru sai ranar tafiya, kada mu gayyato ɓeraye.

Na koyi cewa iya yin abu daban, iya kiyaye shi daban, kuma sau da yawa maganin yana cikin ɗaki, wurin wanda ba ka yi tunanin tambaya ba. Baba ya sha cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ban gane ba sai ranar da na ga ginin da na gada daga hannunsa a bisa kan matata.