Man Gyaɗa a Robar Birki

A gidanmu na Yammedi, lokacin sanyi, da an idar da sallar isha sai mu kewaye murhun Iya, kakarmu, muna ɓarar gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Kura da dodo ba su taɓa hana ni barci ba. Abin da ya hana ni shi ne labarin da ta ba mu ran da ta kama ni ina shirin shafa wa tsohon keken Malam, kakanmu, mai.

"Kai angona, zo nan da rawar kanka," in ji ta. "Yau ba Gizo ba Ƙoƙi. Wannan a kaina ta faru."

Ta ce tana da ƙuruciya birkin keken nan ya dame ta da kuka. Da Malam ya matsa, sai ka ji ƙiii har bayan gari. Ita kuwa mai ƙuli-ƙuli ce, ko ƙyaure ne ya yi ƙara man gyaɗa take ɗiga masa. Sai ta faki ido ta shafe robar birkin gaba da baya, har da ƙarfen wilin da robar ke kamawa. Ba ta faɗa wa kowa ba, so take Malam ya ji shiru ya yaba.

Da safe ya ɗora babanmu, yana ɗan shekara uku, a kan ƙarfen gaba, za su Karaye. Hanyar tana da gangare, ƙarshensa kwazazzabon rafi.

"Ina tsaye a bakin zaure," muryarta ta yi ƙasa. "Na ga ya matsa birki, keke bai ji ba. Ya sake matsawa. Wayyo ni! Yaro sai dariya yake, shi a zatonsa wasa ne."

Mu duk mun daina ɓarar gyaɗa. Ni dai na ƙara matsawa jikin Iya, ko da yake ga Baba can a ɗaki yana tari.

Malam ya sa ƙafa a ƙasa, takalmi ya fice, farce ya bi shi. Saura ƙiris su kai bakin kwazazzabon, ya rungume yaron ya jefa kansa cikin shingen ƙaya. Yaro ko ƙwarzane. Malam kuwa daga ranar yake ɗingishi.

Kafin mutane su iso ya shafa robar ya sansana yatsansa. Ya ɗebi ƙasa ya goge. Da suka tambaya ya ce, "Ni ne ban ɗaure noti ba." A gida ya wanke wilin da toka, ya sa sabuwar roba, ya daidaita ta dab da ƙarfe. Bai ce wa Iya uffan ba.

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne mai da birki ba sa haɗuwa. Sai da na girma na gane tsoron Iya bai ƙare a gangaren ba. Kullum jira take Malam ya yi maganar ta roƙi gafara, shi kuma ya yi shiru don kada ta ji kunya. Tana jira har aka fita da gawarsa.