Tamanin ɗin Yaya Mai Guga

Yayata ta cika shekara tamanin wata ranar Asabar. Ni kuwa na isa gidanta tun Juma'a, ƙarfe huɗu saura kwata, da jaka ɗaya a hannu da wani aiki da aka ɗora mini wanda raina bai so ba.

'Yarta ta fari ce ta ɗora mini shi, wadda muke kira Shugaba tun tana ƙarama saboda yadda take jera ƙannenta tana ba su umarni. Sau uku ta buga mini waya cikin mako guda. Ta ce mahaifiyarta ba za ta ci gaba da zama ita kaɗai ba. Watan jiya ta tarar da wani zanen gado da tabon ƙuna, siffar dutsen guga raɗam, gobe kuma gidan ne zai kama. Ta riga ta gyara mata ɗaki a gidanta, a bene hawa na uku. Abin da ya rage shi ne a shawo kan tsohuwar, kuma wai duk duniya ba ta jin maganar kowa sai tawa. Na ce zan gwada. Ban ce na yarda ba.

Bari in faɗa muku wace ce Yaya. Ta girme ni da shekara bakwai. Ba ta taɓa zama a aji ba, ni aka kai makarantar mishan. A can, kowace Litinin da safe, shugaban makaranta yakan jera mu a fili ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba farce da wuyan riga. Wanda wuyan rigarsa ya yamutse, sharar fili ce tasa har mako ya ƙare. Shekara shida na yi ban taɓa riƙe tsintsiyar nan ba. Yaya ce ke tashi da sassafe ta hura gawayi a dutsen guga, ta gwada zafinsa da ɗan yatsa mai lema, ta miƙa mini riga tana ɗumi. Malamai suna yaba tsaftata, ni kuma ina karɓar yabon kamar ni na yi aikin.

Daga baya ta sami aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, ta yi shekara talatin da huɗu. Ba ta karanta sunayen ɗakunan jinya, amma ta san kowane zane da launin zaren da aka ɗinka a kusurwarsa. Likitoci suna ce mata Mai Guga, kamar babu wasu masu guga goma sha ɗaya a wurin. Da wannan aiki ta rene 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta. Takan ce tufafi ba su iya rufa wa mai su asiri ba: a ba ta riga, ta faɗi abin da mutum ya ci da yadda ya kwana.

Da na shiga, ba ta bari na gama gaisuwa ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Auta, ka rame." Shekarata saba'in da uku, na yi ritaya daga gidan waya ina shugaban sashe, amma a bakin Yaya ban wuce Auta ba.

Washegari da safe na fito wanka na tarar farar rigar da na tanada don bikin ta ɓace daga kan ƙusa. Na same ta a ɗakin baya, shimfiɗe a kan tsohon teburin guga, Yaya na tsaye a kanta. Na zauna bisa kujera, na ga ga dama ta samu, na fara zancen tabon ƙunar a hankali, ina kewaye-kewaye.

Ba ta musa ba. Ta ce ita ta ƙona shi, kuma ta san dalili. A asibiti ba a taɓa guge babban zane da mutum ɗaya ba: ɗaya na guga, ɗaya na jan zanen ta wancan gefe. Bayan ritaya, wata abokiyar aikinta da ke maƙwabtaka takan zo su yi tare, har Allah ya yi mata rasuwa bara. Ranar nan zanen ya sulale zai faɗi ƙasa, ta kai hannu ta cafe, ta bar dutsen a kife. Ta ce hankalinta bai je ko'ina ba, hannu ne ya yi mata kaɗan.

Sai ta ɗaga wuyan rigata zuwa hasken taga. A ƙarƙashin ninkin akwai ƙuna ruwan ƙasa, wadda na yi zaton ba mai gani. Ta nuna mini maɓallin da na ɗinka da baƙin zare, da tabon shayi a bakin hannu, wanda aka wanke da ruwan zafi har ya zauna. Ta tambaye ni tun yaushe nake cin abinci a tsaye. Na ce tun rasuwar matata, shekara biyu ke nan. Ban san lokacin da na ƙara mata da cewa na ƙona butar shayi biyu a kan wuta ba, abin da ko 'ya'yana ban faɗa wa ba. Ta gama gugar, sannan ta faɗa da ƙarfi, kamar yadda dokar ɗakin wankinsu ta tanada, "Na kashe, na zare, na rataye," ta rataye wayar a ƙusa.

Da yamma gida ya cika. Na ƙirga jikoki goma sha tara. Aka kawo kek da kyandir biyu, takwas da sifiri, Yaya ta ce ai an yi mata rowar saba'in da takwas. Wasu tsofaffin abokan aikinta biyu suka zo, suka yi ta tsokanarta cewa har yanzu wuyan riga take fara gaisarwa kafin mai rigar. Da aka ce in yi jawabi, na fito da takardata mai batutuwa bakwai. Na bakwai shi ne maganar ƙaura, kuma Shugaba na tsaye bayan kujerar uwarta tana yi mini alama da ido. Na karanta shida. A gaban kowa na gode wa Yaya saboda Litinin ɗin nan na shekara shida, godiyar da ta makara da shekara sittin. Sannan na ninke takardar na zauna.

Lahadi da hantsi Shugaba ta tare ni a tsakar gida, ranta a ɓace. Tana cikin cewa, "Kawu, ba haka muka yi da kai ba," sai Yaya ta fito ta sauke zannuwan tebur daga igiya, ta jefo mini bakin ɗaya. Hannuna ya tuna abin da ni na manta. Muka ja, muka kaɗa, na tako ta tako, kusurwa ta haɗu da kusurwa, na sunkuya na ɗauki ƙasan, muka sake ja da baya. Guda shida muka ninke.

Yaya ta ɗora na ƙarshe a kan sauran, ta dubi 'yarta ta ce, "In mai ƙona gida kike nema ki ɗauke, ga kawunki nan, buta biyu ya ƙona. Ni abin da na rasa mai riƙe mini wancan bakin ne."

Na ce ɗakin baya ya ishe ni, in za a matsar da teburin guga jikin taga. Shugaba ta daɗe tana dubanmu, ni da ita. Can ta ce ta ba mu wata uku na gwaji, da sharaɗin za ta kawo dutsen guga mai kashe kansa, da buta mai kashe kanta. Yaya ta ce a kawo, ta ga dutsen da ya fi ta hankali.

Wata uku sun wuce tun makonni biyar, ba wanda ya tayar da maganar. A ɗakin baya nake wannan rubutu. Ranar Talata muke guga, ƙarfe tara daidai. Ita ke riƙe dutse, ni ke jan zane. Har yanzu ba ta yarda in taɓa wuyan riga ba.