Na Bar Aji Don In Kamo Ɗan Baffana

A lokacin ina shekara ta biyu a wata jami'a a kudu, ɗalibi mai jan ƙafa, wanda sai malami ya maimaita abu kafin ya shiga kaina. Ɗan baffana kuwa, sa'ana, tun muna yara kansa kamar wuta. Bai bar garinmu Malanville ba. Yana zaune a shagon ubansa cikin kasuwa ya yi karatunsa ta intanet, ya samu takardar shaida, ya fara cika wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan. Ko'ina na shiga zancensa ake, har mahaifiyata ta riƙa sa masa albarka a gabana. Wallahi ji nake kamar ana zuba mini barkono a ƙirji.

Da na faɗi jarrabawa, makaranta ta yarda in maimaita shekara. Na ƙi. Na gaya wa mahaifina abin da ɗan baffa ya yi a waya ni ma zan yi, har in fi shi. Tsohon ya ce to, amma wannan ce dama ta ƙarshe; in na sake faɗuwa, gonar albasarmu ta Garu na jirana.

Na dawo gida na shiga karatun intanet, amma na manta halin gidanmu: duk wanda aka gani riƙe da waya, ba shi da aikin yi. Ina cikin darasi za a ce in hau kabu-kabu in kai saƙo bakin kogi, ko in tsare buhunan albasa a kasuwa. Sai in saƙala abin ji a kunne, malami na ta bayani ni ina ciniki. Bidiyo ya ƙare, waya ta nuna na kammala, ni ma na yarda na kammala. A aji, malami kan kalli fuskata ya gane na ɓata, ya dawo baya. Wannan na cikin waya bai taɓa sanin ina raye ba. Ɗan baffana ya same ni ya ce mu riƙa zama bayan la'asar ya warware mini inda na sarƙe. Na ce masa ya riƙe iliminsa, ai ba shi kaɗai Allah ya ba kai ba. Na gwammace in faɗi da a ce shi ya ɗaga ni.

Na kuwa faɗi. Mahaifina bai yi faɗa ba, fartanya kawai ya miƙo mini.

Ku da karatu ke ba wuya, kada ku bar aji don ganin wani ya ci nasara a waya. Mai rauni mutum yake buƙata a gabansa, wanda zai lura ya tsaya. Ni na samu irin mutumin, na kore shi. Yau duk ranar kasuwa nakan wuce ƙofar ofishin da ɗan baffan nawa ya buɗe da buhu a kafaɗa, ya taso da fara'a ya gaishe ni, har yanzu kuma ban iya kallon idonsa ba.